Adadin Alkamar Shaɗaranji da Asalinsa Bakwai

Daga cikin manyan adadai waɗanda sunansu ya fita a littattafan hisabi, tun daga na malaman Bagadaza da Khurasan har zuwa na Turawan wannan zamani, akwai guda ɗaya wanda duk mutumin da ya fara daga ɗaya, ya yi ta ninka abin da ke hannunsa biyu yana tarawa, bai gaji ba bai kuma yi kuskure ba, lalle ne ya iske shi a mataki na 64, shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Alƙalumansa 20 ne cif. In za a faɗe shi da baki bisa lissafin yau sai a ce tiriliyan miliyan 18 da ɗoriya, ita kuwa ɗoriyar kanta ta fi ƙarfin mai ƙidaya. Magabata kuwa, da yake ba su da sunan adadi sama da dubu, sai sun jera dubu a kan dubu har sau shida kafin su sauko kan sauran alƙaluman.

Galibin masu kawo wannan adadi, a rubuce ko a majalisa, suna kawo shi ne don su girgiza mai sauraro da girmansa, da zarar ya riƙe baki sai su wuce zuwa wani zance. A ganina kuwa girman shi ne mafi arahar abin da ke tattare da shi, domin ko yaro ɗan aji biyu ya ƙara masa sifiri a dama ya ninka shi goma. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda aka gina shi, da matsayinsa a cikin kashe-kashen da malaman wannan fanni suka yi wa adadi, da kuma wani ƙulli guda da ke cikinsa, wanda ya kuɓuce wa ɗaya daga cikin manyan masana hisabin Faransa, har aka yi shekara 92 kafin a sami wanda ya kwance shi.

Ibnu Khallikan, babban alƙalin Dimashƙa wanda ya rasu a 1282, ya kawo labarin adadin a littafinsa Wafayatul A'ayan, a inda yake ba da tarihin Abubakar as-Suli, marubucin fadar Abbasiyawa wanda aka riƙa buga misali da gwanintarsa a wasan shaɗaranji. Wannan wasa, wanda asalinsa daga Indiya ne, ana yin sa a kan allo mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance, almajirin fiƙihu a ƙasarmu kuwa ya fi sanin sunansa daga ƙarshen Risala, inda aka yi hani da shi, fiye da yadda ya san shi a aikace. Hikayar ta ce wani mai hikima, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago wasan ya kai wa sarki Shihram, sarki ya ji daɗi ya ce ya roƙi abin da yake so, shi kuwa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa haka har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, har ya ji haushin an wulaƙanta kyautarsa, sai da ma'aikatan diwani suka zauna da lissafin suka dawo suka gaya masa cewa alkamar ƙasarsa duka, da ta sauran ƙasashe, ba ta biyan wannan bashi.

Ko hikayar ta auku ko ba ta auku ba, wannan bai dami mai hisabi ba. Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne abin da Ibnu Khallikan ya ƙara daga kansa, cewa zuciyarsa ba ta natsu da wannan da'awa ba sai da ya haɗu da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariya, wanda ya zana masa hujjar a takarda ta wata hanya da har yau ban ga malamin makarantar da ya zo da wadda ta fi ta ba. Mutumin ya ninka ƙwayoyin har gida na 16, inda suka kai 32,768, sai ya ce a ɗauki wannan a matsayin ƙadahi ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin hatsi na Masar, a bar ƙidayar ƙwaya a koma ƙidayar ma'auni. Da aka kai gida na 40 sai ga irdabbi 174,762 da sulusi biyu, shi kuwa irdabbi ƙadahi 96 ne, sai ya ce a kira wannan babban rumbu ɗaya. A gida na 50 rumbunan sun zama 1,024, ya ce a kira wannan birni guda. A gida na 64, wato na ƙarshe, sai lissafi ya tsaya a kan birane 16,384, kowanne da rumbu 1,024 shaƙe da alkama, alhali wannan rabon gida ɗaya ne kawai, ba a tara da na gidajen baya ba. Dabararsa ita ce duk lokacin da adadi ya fara fin ƙarfin hankali sai ya sake masa ma'auni, ya mayar da shi ɗaya, a sake tashi.

Da ma'aunin yau, in aka ƙaddara ƙwaya 20 na alkama suna yin giram ɗaya, jimlar allon ta haura tan biliyan 900, duniya kuwa gaba ɗayanta abin da take girbewa a shekara bai wuce wajen tan miliyan 800 ba, wato ke nan noman fiye da shekara dubu. Tun kafin Ibnu Khallikan da ƙarni biyu da rabi Abu Raihan al-Biruni ya riga ya fitar da adadin a littafinsa Al-Asarul Baƙiya, wajen shekara ta 1000, ta hanyar ninka 16 da kansa har sau 16 a ɗebe ɗaya. A 1883 kuma wani Bafaranshe, Edouard Lucas, ya fito da wasan nan na sanduna uku da faya-fayai da ake kira Hasumiyar Hanoi, wanda in faya-fayan 64 ne, motsin da ake bukata kafin a kwashe su daga sanda zuwa sanda shi ne wannan adadi daidai, ba ragi ba ƙari, da za a riƙa yin motsi ɗaya kowace daƙiƙa kuwa, sai an haura shekara biliyan 584. Batun girma ya isa haka.

Mai lura zai tambaya, ina dalilin wannan ɗaya da ake ɗebewa? Gida biyu na farko jimlarsu 3, alhali gida na uku 4 ne. Gida uku jimlarsu 7, na huɗu kuwa 8. Layin farko duka, wato gida takwas, jimlarsa 255, gida na tara kuma 256. Kullum abin da aka tara yana gaza gidan gaba da ƙwaya ɗaya tak. Sababin haka yana bayyana in mutum ya aro ƙwaya ɗaya daga waje ya aza ta a gidan farko: ɗaya da ɗaya sun zama biyu, sai ya tura su gida na biyu, su haɗu da biyun da ke can su zama huɗu, ya tura su gida na uku su zama takwas, haka haka har ya share allon gaba ɗaya, ya tsaya da abin da zai cika gida na 65 da akwai shi. In ya mayar da ƙwayar aro, abin da ya rage shi ne adadinmu. Saboda haka ba a fahimtarsa sai tare da maƙwabcinsa na sama, 18,446,744,073,709,551,616, wato biyu da aka ninka da kansa sau 64.

Kashe-kashen adadi da malaman Musulunci suka yi aiki da su sun samo su ne galibi daga littafin Nikomakus mutumin Jarash, wanda Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar da shi Larabci, Ikhwanus Safa na Basra kuma suka buɗe risalolinsu da wannan babi. Farkon kashi shi ne zauji da fardi, abin da yaranmu ke kira cika da mara. A cikin cika akwai wanda suka kira zaujuz zauji, shi ne wanda ake raba shi biyu, a sake raba rabin biyu, ba a cin karo da mara har sai an sauko kan ɗaya, kamar 64 da ke saukowa 32, 16, 8, 4, 2, 1. Sai wani kashi na daban wanda ya dogara ga juzu'an adadi, wato ƙananan adadan da suke raba shi ba saura: in jimlarsu ta yi daidai da shi sai a kira shi tammi, kamar 6 da yake 1 da 2 da 3, ko 28 da yake 1 da 2 da 4 da 7 da 14, in ta ɗara shi sai a ce za'idi, kamar 12 da juzu'ansa suka tashi 16, in ta gaza sai a ce naƙisi. To, juzu'an 8 su ne 1 da 2 da 4, jimlarsu 7, juzu'an 16 kuwa jimlarsu 15, wato kowane zaujuz zauji naƙisi ne da ɗaya kacal, ya kusa kamala bai kai ba. Daga nan mai karatu zai gane cewa ƙwayoyin da ke gidaje 64 na allon nan ba wani abu ba ne illa juzu'an maƙwabcin nan na sama, adadinmu kuwa jimlarsu ce.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa biyu waɗanda masu jera siffofin adadi a wannan zamani suke yawan cakuɗawa, su zuba su a jeri ɗaya kamar darajarsu ɗaya. Masu ilmin manɗiƙi sun raba siffa zuwa zatiyya da araliyya, wato wadda take cikin haƙiƙar abu da wadda ta bijiro masa daga waje, rabon nan kuwa ya dace da adadi ƙwarai. Cewa alƙalumansa 20 ne, ko ya ƙare da 5, ko in an tara alƙaluman sun ba da 87, duk wannan siffar rubutu ce, ta samo asali daga yadda muka saba ƙidaya goma-goma. Ba a ce ba ta da amfani ba: ƙarewa da 5 na nuna 5 na raba shi, 87 kuma na nuna 3 na raba shi amma 9 ba ya raba shi, domin mizanin tara, wanda masu hisabin da suke gwada amsarsu da shi, yana barin saura 6. Amma alama ce kawai mai nuni ga zati. Da zarar an sake tsarin rubutu sai ta ɓace, rabuwa da 3 da 5 kuwa tana nan daram ko da wane irin alƙalami aka rubuta.

Dalili mafi ƙarfi a kan haka shi ne yadda adadin ke bayyana a lissafin kwamfuta, wadda ba ta san alƙalami ba sai sifiri da ɗaya. A wannan rubutu hargitsattsun alƙaluman nan 20 suna komawa ɗaya, ɗaya, ɗaya, har sau 64 a jere, babu sifiri ko guda, a karanta daga dama ko daga hagu duk ɗaya ne. Da yake kwamfutoci da manyan wayoyin hannu na yau suna riƙe adadi ne a ma'aji mai gurbi 64, wannan shi ne iyakar abin da ma'ajin ke ɗauka, in ba a ware gurbi don alamar ragi ba. In aka ƙara masa ɗaya sai duk guraben su juye su koma sifiri, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika tara-tara ta koma farko. In kuwa mai tsara manhaja ya yi sakaci ya ɗebe ɗaya daga sifiri, sai na'urar ta juya baya ta fito masa da 18,446,744,073,709,551,615 a fuskar allo, shi ya sa masu wannan sana'a suke gane shi da kallo ɗaya, sun kuma san ganinsa a inda ba a tsammani alamar ɓaraka ce.

Siffa zatiyya mafi girma ita ce sanin ko adadi awwali ne ko murakkabi. Awwali shi ne wanda babu mai raba shi sai ɗaya da shi kansa, kamar 2 da 3 da 5 da 7. Murakkabi kuwa shi ne wanda aka samu daga ninka waɗansu da waɗansu, kowane murakkabi kuma hanya ɗaya tak yake warwarewa zuwa awwalai. Adadi mai alƙalami 20, da an tsinto shi ne da ka, da warware shi da hannu ya zama aikin da ba mai ɗauka. Namu kuwa yana buɗewa cikin sauƙi saboda wata ƙa'ida da ko ɗan firamare zai gwada: murabba'in kowane adadi, in an ɗebe masa ɗaya, daidai yake da na ƙasa da adadin sau na sama da shi, kamar yadda 10 sau 10 ba ɗaya, wato 99, yake 9 sau 11. Maƙwabcin nan na sama murabba'in 4,294,967,296 ne, saboda haka adadinmu shi ne 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Na farkon su ma murabba'i ne ba ɗaya, sai ya rabu zuwa 65,535 sau 65,537. Haka 65,535 ya rabu zuwa 255 sau 257. 255 ya rabu zuwa 15 sau 17. 15 kuma 3 sau 5. Cikin layi biyar, ba tare da doguwar rabawa ko ɗaya ba, mun sami gaɓoɓi shida: 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297.

Malaman fara'ili, wato masu rabon gado, sun san nisbobi huɗu da ke tsakanin kowane adadi biyu, tamasuli da tadakhuli da tawafuƙi da tabayuni, da su suke gyara asalin mas'ala in rabo ya karye a kan magada. Gaɓoɓin nan shida tabayuni ne tsakaninsu duka, babu biyu daga cikinsu da suka yi tarayya a wani mai rabawa in ban da ɗaya, hujjar kuwa gajeriya ce. 3 sau 5 ya gaza 17 da biyu. 3 sau 5 sau 17 ya gaza 257 da biyu. Haka abin yake tafiya, kowace gaɓa ita ce ninkin dukkan na bayanta a ƙara biyu. To, duk adadin da ya raba wata gaɓa ya kuma raba wata ta bayanta, wajibi ne ya raba biyun nan da ke tsakani, mai raba biyu kuwa ɗaya ne ko biyu, biyu kuma ba shi da hanya tunda dukkansu mara ne. Christian Goldbach ne ya rubuta wa Leonhard Euler wannan a wasiƙa a 1730, a ciki kuma akwai wata fa'ida babba, domin tunda jerin gaɓoɓin ba ya ƙarewa, kowace kuma tana zuwa da awwalin da ba a gani a baya ba, ya tabbata ke nan awwalai ba su da iyaka, abin da Uƙlidis ya riga ya tabbatar ta wata hanya tun kafin haihuwar Annabi Isa.

Gaɓoɓi biyar na farko awwalai ne, ba gardama. Ta shidan ce ƙullin da na ambata. Pierre de Fermat, masanin shari'a a majalisar Tulus ta Faransa, wanda yake yin hisabi a lokacin hutunsa amma ya fi waɗanda suka ɗauke shi sana'a, ya rubuta a 1640 cewa yana da yaƙinin duk adadan wannan jeri awwalai ne, ko da yake ya yarda bai sami cikakkiyar hujja ba, ya kuma rasu a 1665 bai janye ba. Goldbach ne ya ja hankalin Euler ga maganar a ƙarshen 1729, shi kuwa Euler, mutumin Basel da ke aiki a majalisar ilmi ta San Fitasbag a Rasha, ya bayyana a 1732, yana ɗan shekara 25, cewa 4,294,967,297 daidai yake da 641 sau 6,700,417. Wanda ke da takarda da alƙalami ya ninka ya gani, aikin minti biyu ne. Nemo 641 ɗin shi ne aiki, hanyar da Euler ya bayyana daga baya kuwa ita ce, duk awwalin da zai raba wannan adadi dole ne ya kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya, sai dubban adadan da za a gwada suka taƙaita: 65 da 129 ba awwalai ba ne, a wuce su, a gwada 193, a gwada 257, sai 449, sai 577, na biyar shi ne 641. Abin mamaki shi ne Fermat ya san irin wannan dabara, da ita ma ya gano a 1640 ɗin cewa 223 yana raba jimlar gida 37 na allon. Rabawa biyar ce ta tsaya tsakaninsa da gaskiya, ga alama misalai biyar da suka zo masa a jere bisa abin da yake so ne suka sa bai matsa bincike a kan na shida ba.

Yanzu sai a jera asalin adadin gaba ɗaya: 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 641 sau 65,537 sau 6,700,417. Awwalai bakwai ne, babu wanda ya maimaitu, don haka babu wani murabba'i sama da ɗaya da ke raba shi. Masu raba shi kuwa, in an haɗa da ɗaya da shi kansa, 128 ne, domin kowane mai rabawa ana gina shi ne ta hanyar tsayawa a kan awwalan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya a ce a ɗauka ko a bari, zaɓi biyu sau bakwai ke nan. In an tara juzu'ansa 127 sai su tashi wajen kashi bakwai cikin goma na adadin, wato naƙisi ne, naƙasarsa kuma mai faɗi ce, ba irin ta maƙwabcinsa da ta tsaya a ɗaya ba. Kusan duk abin da aka samu ma daga 3 da 5 da 17 ya fito, manyan awwalan ba su ƙara wani abin kirki ba.

Turawa suna kiran duk adadin da yake zaujuz zauji ba ɗaya da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista na Faransa da ya wallafa jerinsu a 1644, namu kuwa yana cikinsu, sai dai ba ya cikin waɗanda ake farauta. Waɗanda ake farauta su ne awwalai, saboda wata ƙa'ida ta Uƙlidis wadda za a iya faɗinta da harshen allon shaɗaranji: in ka tara gidaje daga farko jimlar ta fito awwali, ninka ta da abin da ke gidan ƙarshe, za ka sami adadi tammi. Gida uku jimlarsu 7, sau 4 ya ba da 28. Gida biyar 31, sau 16 ya ba da 496. Gida bakwai 127, sau 64 ya ba da 8,128. Sharaɗin farko shi ne yawan gidajen kansa ya zama awwali, 64 kuwa ya yi nesa da haka. Da allon gida 61 gare shi, da jimlar ta zama 2,305,843,009,213,693,951, wanda wani limamin cocin Rasha, Ivan Pervushin, ya tabbatar awwali ne a 1883. Sharaɗin kuma bai wadatar shi kaɗai ba: Mersenne ya sa jimlar gida 67 cikin awwalai, sai a 1903 Frank Cole ya tashi a taron masana a New York ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a kan allo, ya nuna ita ce. Awwali mafi girma na wannan jeri da aka gano zuwa watan Oktoba na 2024 alƙalumansa sun haura miliyan 41.

Akwai wata siffa da nake so ƙwarai saboda hujjarta ba ta bukatar a taɓa alƙaluman nan 20 ko kaɗan. Masanin hisabi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowane adadi ana iya rubuta shi a matsayin jimlar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka. Waɗansu biyu sun ishe su, kamar 13 da yake 9 da 4, waɗansu sai uku, waɗansu kuwa sai an cika huɗun, kamar 7 da yake 4 da 1 da 1 da 1. Kowane murabba'i in an raba shi da 8 saurarsa sifiri ce ko 1 ko 4, duk yadda aka haɗa uku daga cikin waɗannan kuwa ba sa barin saura 7. Adadinmu ya gaza ninkin 8 da ɗaya, wato saurarsa 7 ce, saboda haka yana cikin masu taurin kai waɗanda ba sa yarda sai da huɗu.

Sai batun handasa, inda ba wanda ya zaci waɗannan awwalai za su ɓullo. Tun zamanin Yunanawa ake tambayar wace siffa mai gefuna daidai da kusurwoyi daidai ake iya zanawa cikin da'ira da kamfas da rula marar alama kaɗai. Uƙlidis ya nuna mai gefe 3 da 4 da 5 da 15 da abin da aka samu daga ninka su biyu, daga nan ilmin ya tsaya cik wajen shekara dubu biyu, har ranar 30 ga Maris 1796, da Carl Friedrich Gauss, saurayi Bajamushe da bai cika shekara 19 ba, ya gano cewa mai gefe 17 ma tana zanuwa. Ƙa'idar da ya kafa a littafinsa na 1801, wadda Pierre Wantzel ya kammala hujjarta a 1837, ita ce siffa mai gefuna mara ba ta zanuwa sai in yawan gefunan awwali ne daga jerin Fermat, ko ninkin waɗansu daga cikinsu ba tare da maimaici ba. Shi ya sa mai gefe 7 da mai gefe 9 ba sa zanuwa ta wannan hanya duk ƙanƙantarsu. Da awwalai biyar da aka sani ana samun siffofi 31, mafi girmansu ita ce mai gefe 4,294,967,295, wato na farko a cikin adadi biyun da adadinmu ya fara rabuwa zuwa gare su. Shi kansa adadin ya faɗi wannan jarrabawa, 641 ne kuma ya kayar da shi, domin in an ɗebe wa 641 ɗaya sai a sami 640, wanda ba zaujuz zauji ba ne, akwai 5 a cikinsa. Wani malami Bajamushe, Johann Hermes, ya kashe wajen shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya gama a 1894, takardunsa suna ajiye a Jami'ar Gottingen, ban kuwa tsammanin waɗanda suka karanta su daga farko zuwa ƙarshe suna da yawa. Shi dai 65,537 ya sami aiki mai amfani daga baya, da shi ake yawan haɗa mabuɗin tsarin RSA da ke tsare saƙonni da hada-hadar kuɗi a intanet, tsarin da ƙarfinsa ya dogara ga wahalar warware babban murakkabi zuwa awwalansa in ba a san yadda aka gina shi ba.

Maƙwabtan adadin ba su yi kama da shi ba ko kaɗan, duk da alƙaluma 17 na farko iri ɗaya ne. In an sauka ƙasa da shi ana neman awwali, sai an wuce adadi 57 kafin a iske 18,446,744,073,709,551,557, wanda shi ne awwali mafi girma da ke shiga ma'ajin kwamfuta mai gurbi 64. In kuwa an hau sama da biyu sai a iske 18,446,744,073,709,551,617, gaɓa ta bakwai a jerin Fermat, wadda wani dattijo Bafaranshe, Fortune Landry, ya bayyana a 1880, yana da shekara fiye da 80, cewa 274,177 yana raba ta, abokin ninkinsa kuwa 67,280,421,310,721. Tun daga wannan lokaci, da hannu da kuma da na'ura, an bi gaɓoɓin jerin ɗaya bayan ɗaya, tun daga ta shida har ta 33, duk an same su murakkabai, ba a ƙara samun awwali ko guda ba bayan 65,537, ta 34 kuwa, wadda alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi, har yanzu hukuncinta bai fita ba.